Zangon Fataken Sama: Ƙaurar Tsuntsaye a Ƙasar Kagara

Idan marka ta fara sassautawa a ƙasar Kagara, watau daga ƙarshen watan Agusta zuwa cikin Satumba, sa'ad da masara ta nuna, dawa ta yi ciki, sabuwar doya ta fara shiga kasuwannin Tegina da Pandogari, malaman hisabi kuma suna lissafin fitar taurarin damina da shigowar Sarfa mai buɗe ƙofar kaka, to a daidai wannan lokaci ne wani babban al'amari yake gudana bisa kawunanmu, wanda da a ƙasa yake gudana da ba a yi zancen kome a majalisa ba sai shi, amma da yake a sararin samaniya ne, kuma masu yinsa ba su buga tambari ba su neman iznin kowa, sai ya zo ya wuce shekara bisa shekara, mafi yawanmu ba mu ko ɗaga kai ba. Al'amarin nan shi ne ƙaurar tsuntsaye.

Ayari biyu ne suke gamuwa a nan. Na farko na 'yan gida ne, tsuntsayen da ba su barin Afirka, sai dai su bi ruwan sama arewa da bazara, su juyo kudu idan ya ɗauke. Na biyu kuwa na baƙin nesa ne, waɗanda aka ƙyanƙyashe a Turai da yammacin Asiya, suka gudo wa sanyin da ke kashe ƙwarin da suke ci, suka ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, suka faɗo mana. Dalilin da ya sa ƙasar Kagara ta zama magamar waɗannan ayarori a fili yake ga wanda ya dubi taswira. Garin, wanda shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yana bisa tsohuwar hanyar da ta taso daga kudu ta bi ta Tegina ta nufi Birnin Gwari da Kaduna, a tsakanin busasshiyar ƙasar arewa da kurmin kudu. Ga dajin doka da kaɗanya da ɗorawa da maje, ga duwatsu, ga fadamu, ga rafukan da ke malala zuwa kogin Mariga da na Kaduna, waɗanda suke riƙe da ruwa da ciyawa da ƙwari bayan ƙasar Katsina da ta Maraɗi sun fara yin fari. Kamar yadda fataken dā ba su ya da zango sai inda akwai ruwa da inuwa da harawa, haka nan waɗannan bayin Allah suke zaɓen masaukinsu.

Bari mu fara da wadda kowa ya sani, watau shamuwa. Babu Bahaushen da ya tashi a karkara da zai ce bai san baƙar tsuntsuwar nan mai farin ciki da dogayen ƙafafu ba, wadda zuwanta da bazara yake sa manomi ya ɗauko fartanya ya kai wa maƙeri, wadda kuma take ɗora sheƙarta bisa kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, yara na wasa a ƙarƙashinta ba mai jifanta, domin iyaye sun riga sun gargaɗe su cewa ba a taɓa baƙuwar da ta zo da bisharar ruwa. Ta fi yin sheƙa a garuruwan da ke arewa da mu, amma hanyarta ta zuwa da ta komawa ta ratsa wannan ƙasa, kuma amfaninta ga mai gona ba ƙarami ba ne, tun da yake fara da tsutsa su ne mafi yawan abincinta. Kowa ya san zuwanta. Abin da aka daɗe ba a sani ba shi ne inda take tafiya idan kaka ta yi. An warware wannan da hujja a wani bincike da aka buga a 2006, inda waɗansu masana 'yan ƙasar Danmak suka ɗaura wa shamuwoyi 'yan ƙananan na'urori a kudancin Nijar, suka riƙa bin sawunsu ta tauraron ɗan'adam, har suka ga sun nausa gabas da kudu sun sauka a ƙasar Tanzaniya, can inda damina take kamawa a lokacin da tamu take ƙarewa. Ashe tsuntsuwar da muke ɗauka tamu ce, rabin shekara kaɗai take yi mana, sauran rabin tana can tana yi wa wani manomin da ba mu san harshensa ba irin aikin da ta yi mana.

Ba ita kaɗai ba ce. Wanda ya lura zai ga cilakowa, idan ruwa ya kusa ɗaukewa, tana wucewa kudu ƙungiya ƙungiya, tana tashi tana faɗuwa a cikin iska bisa ga al'adarta, tana fito. Zai ga shirwa, wadda ta yi ƙaranci da tsakiyar damina, ta dawo ta cika sararin kasuwa da mahauta, daga baya kuma ta riƙa bin hayaƙin ƙunar daji tana cafke farar da wuta ta tasa. Zai ga balbela ta ƙaru a bayan garken Fulani. Duk waɗannan tafiye-tafiye ne masu ƙa'ida da lokaci, ba yawon banza ba.

Amma abin da ya fi jawo tafakkuri shi ne sha'anin baƙin nesa, domin galibinsu ƙanana ne ƙwarai, waɗanda mutum zai rufe a tafin hannunsa. Masu bincike sun ƙiyasta a 2009 cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne suke tasowa daga Turai zuwa Afirka kudu da Sahara a kowace kaka. Masu fara isowa, tun cikin Agusta, su ne 'yan tsuntsayen bakin ruwa masu siraran ƙafafu, waɗanda ake gani suna sassarfa a gefen kududdufi da fadamar shinkafa suna tsattsagar laka. Bayansu sai tsattsewar Turai mai jan maƙogwaro da wutsiya mai baki biyu, wadda nauyinta kimanin giram 20 ne, wadda takan jeru bisa wayar lantarki da maraice kafin ta ci gaba. Da yawa daga cikinsu sukan zarce har ƙauyen Ebbaken na yankin Boje a Jihar Kuros Riba, inda suke kwana cikin dogayen ciyayin gefen duwatsu da yawan da ya sa wurin ya shahara a wajen masana na duniya. Sa'an nan, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai ga ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya yana bin ƙafafun shanu, wanda kowane yaro makiyayi ya san shi, ko da yake bai san daga wace uwa duniya ya fito ba. Akwai kuma waɗanda ba su kai giram 10 ba, masu ɓuya cikin ganye, waɗanda sai mai haƙuri yake ganinsu.

To yaya halitta mai wannan ƙanƙanta take ƙetare hamadar da faɗinta ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, ba ruwa ba abinci? Amsar da aka samu bayan dogon nazari ita ce, kafin ta tashi takan ci ta ƙoshi ta tara kitse, har waɗansu nauyinsu ya kusa ninkawa, kitsen nan kuwa shi ne guzurinta. Galibinsu da dare suke tafiya, suna shiryuwa da taurari da mafaɗar rana da wani ji da Allah ya sanya musu na maganaɗisun ƙasa, idan rana ta yi zafi su sauka su laɓe a inuwar dutse, idan ta faɗi su tashi. Wanda ya iso mana a Satumba ya iso ne a rame, guzuri ya ƙare, saboda haka itacen farko mai ƙwari da ya tarar, da fadamar farko mai ruwa, su ne tsakaninsa da mutuwa. Wani abin mamaki kuma, wanda aka tabbatar a gonakin da ke kewayen Jos ta hanyar sanya wa tsuntsaye zobba masu launi, shi ne cewa akwai ɗan tsuntsun gona mai farar gira da yake komowa gona guda, kusan kan kututture guda, shekara bayan shekara, bayan ya je Turai ya yi 'ya'ya ya dawo. Manomin da ya ga irinsa bisa karan dawarsa bana, la'alla shi ne dai wanda ya gani bara.

Su kansu Turawa sun daɗe cikin duhu game da wannan. Magabatansu sun yi zaton tsattsewa cikin laka take nutsewa ta yi barci har sanyi ya wuce, sai a 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu, ɗan'uwan shamuwa, kusa da garin Klütz na ƙasar Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa, ya yi tafiyar dubban kilomitoci da shi. Har yanzu yana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Danmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba da adireshi a ƙafa, don duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari. Maharban ƙasar Hausa da masuntanta sun sha cin karo da irin waɗannan zobba, waɗansu su tsorata su jefar, waɗansu su adana suna zaton wani asiri ne, alhali kuwa wasiƙa ce kurum mai neman amsa.

Akwai wata ƙissa da ya kamata kowane mai sarar itace ya ji. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka wayi gari suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda dā ya cika shingayen gonakinsu, ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Suka bincika a gida ba su sami dalili ba. Daga baya aka gane cewa musabbabin yana nan wajenmu: farin da ya fara a yankin Sahel a 1968, wanda ya kai ga yunwar da dattawanmu ba su manta ba ta farkon shekarun 1970, shi ne ya hallaka su tun ba su kama hanyar komawa ba. Fari dai ƙaddara ce daga Allah, ba mu da iko a kansa. Amma buhunan gawayin da ake jerawa a bakin hanya, da kaɗanya da ƙirya da ake kayarwa ba a dasa madadinsu, da maganin feshin da ake zubawa ba awo har ya kashe ƙwaron da ke ɓarna da wanda ba ya yi, waɗannan aikin hannunmu ne, kuma abin da suke yi wa tsuntsu bai bambanta da abin da fari ya yi masa ba. Wanda yake shakka, ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ga ungulu a mahauta. Tsuntsuwar da dā ake kora da sanda saboda yawanta, tun 2015 aka sanya ta cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa a duniya, kuma cinikin kanta da sassan jikinta don tsibbu yana cikin manyan dalilai. Na san manomin shinkafa zai ce tsuntsu ba abokinsa ba ne, yana da hujja kuwa, domin jan-baki idan ya sauka a gona sai dai a yi salati; sai dai ya sani baƙin da muke magana a kansu galibinsu ƙwari suke ci, ba hatsi ba.

Yanzu sai mu juya ga mutanen da suka mayar da duban tsuntsaye abin taruwa. Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa kamar yadda ake zato. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, bisa jagorancin John Elgood na Jami'ar Ibadan da Robert Sharland, wanda ya zauna a Kano shekaru masu yawa yana sanya wa tsuntsaye zobe, tare da irin su Hilary Fry da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya; ita ce daga baya ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, mai fitar da mujallar Malimbus tun 1979. Aibin wancan zamani guda ne, watau kusan dukkan masu yin abin baƙi ne, idan sun tashi sai su tafi da iliminsu. Abin ya sauya bayan da aka kafa Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga, ƙarƙashin Jami'ar Jos, a farkon shekarun 2000, wadda ta yaye 'ya'yan ƙasa masu digiri na biyu a wannan fanni, waɗanda yanzu suke koyarwa a jami'o'i dabam dabam. Daga nan ne kuma, a ƙarshen 2015, aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, ƙasar da aka ƙidaya mata nau'i sama da 900.

Tsarin aikin mai sauƙi ne. An yanka ƙasar duka gida gida a bisa taswira, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da 9 faɗi. Mai sa kai zai shiga gida guda, ya yi aƙalla sa'a biyu yana zagawa, ya rubuta kowane irin tsuntsu ya gani ko ya ji kukansa, ya aika ta wata manhajar waya mai suna BirdLasser. Akwai ƙungiyoyin masu wannan sha'awa a Jos da Ibadan da Legas da Abuja, akwai kuma rundunar matasan Arewa da suke bin jiha jiha suna cike gidajen da ba a taɓa shiga ba. Fitarsu takan kasance da sassafe, bayan sallar asuba, sa'ad da tsuntsaye suka fi kuka da kiwo. Mutum goma ko ashirin, madubin hangen nesa biyu ko uku ana karɓa-karɓa, littafi guda mai hotuna, ana tafiya a hankali ana magana ƙasa ƙasa, idan an ga wani baƙo a tsaya a yi muhawara a kan launin girarsa da tsawon bakinsa har a daidaita, in ba a daidaita ba a bar shi ba a rubuta ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi burge ni, domin shi ne ainihin ladabin malamanmu na riwaya: wa ya gani, a ina, yaushe, kuma shin mai tabbatarwa ne ko mai zato.

A nan ne nake so mutanen Kagara su tsaya su yi nazari. Irin wannan taro na masu madubi bai zama al'ada a garuruwa irin namu ba tukuna, amma kada wani ya ɗauka cewa ilmin ne babu. Maharbin da yake ɗaura kan burtu a goshinsa ya durƙusa ya shiga cikin namun daji bai yi haka ba sai da ya karanci tafiyar burtu da kiwonsa fiye da yadda wani ɗalibi zai karanta a littafi. Bafulatanin da ya kwana a ruga ya san wane tsuntsu ne yake fara kuka kafin alfijir. Yaron da ya yi kaka uku yana korar tsuntsaye a gonar shinkafa ya san wanda ke ci da wanda ke wucewa. Tsofaffin Kamuku da Pangu da Ingwai da Gwari da Hausawa suna da sunayen tsuntsaye a harsunansu, da sanin wanda zuwansa ke nuna a yi shuka da wanda ke nuna ruwa ya kusa ɗaukewa. Majalisarsu ta gindin itace taron masana tsuntsaye ce, illa dai ba a kira ta da wannan suna ba, ba a kuma rubuta abin da aka faɗa a cikinta. Ilmin da ke cikin ƙirji kaɗai kuwa, ranar da aka binne mai shi, an binne shi.

Ba zan ɓoye abin da ya fi kome nauyi ba. Dajin da ya kamata a ce shi ne makarantar wannan ilmi ya zama wurin da ba a shiga. Gandun Kamuku da ke maƙwabtaka da mu ta wajen Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936, aka ɗaga shi ya zama gandun ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121, inda aka ƙidaya tsuntsaye nau'i 177, har da burtu da tuje, ya daɗe yana hannun 'yan bindiga; haka nan dajin Allawa, wanda gwamnatin tarayya ta amince a ƙarshen 2020 a mayar da shi gandun ƙasa. Ba wanda ya manta daren 17 ga Fabrairun 2021, da aka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara aka kashe ɗalibi guda aka tafi da mutum 42, ko ranar 30 ga Mayu ta waccan shekara da aka kwashe yaran Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. Wanda ya rasa ɗa, ko ya bar gonarsa ta zama saura, yana da haƙƙin ya ce zancen tsuntsu zancen ƙoshi ne, kuma ba na ce wa kowa ya sa ƙafa a daji don ya ga tsuntsu. Rai ya fi ƙarfin haka. Abin da nake cewa shi ne, ƙaurar nan ba ta tsaya ba, kuma ba sai an shiga daji ake ganinta ba. Tsattsewa tana bisa wayar da ke ƙofar gida, shamuwa tana ratsa saman kasuwa, mai rawayan ciki yana filin makaranta inda awaki ke kiwo. Ga kuma sabon tabkin da madatsar ruwa ta Zungeru, mai ƙarfin megawat 700, ta tara a bisa kogin Kaduna, wanda babu makawa zai sauya irin tsuntsayen ruwan da ke sauka a wannan yanki. Idan ba a fara rubutawa yanzu ba, nan da shekara 20 ba wanda zai iya cewa ga yadda abin yake dā.

Kuma yaran da aka tsoratar da su daga daji suna da bukatar a nuna musu cewa ƙasarsu tana da wani abu ban da labarin tashin hankali. Addini bai bar mu a baya ba a nan: aya ta 38 ta Suratul An'am ta ƙidaya tsuntsaye cikin al'ummu irinmu, Suratun Namli ta ba da labarin alhudahudan Annabi Sulaimanu, Abu Dawuda kuma ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Malamai irin su Jahizu na Basra da Damiri na Masar sun wallafa manyan littattafai a kan dabbobi da tsuntsaye, ba su ga hakan ya rage musu daraja ba. Farauta don ci halal ce bisa sharuɗɗanta, amma yaro ya ɗauki danƙo ya kashe abin da ba zai ci ba, don wasa kurum, wannan abu ne da ya kamata liman ya ambata a huɗuba.

Saboda haka ina roƙon malaman makarantun firamare da na sakandare da na Islamiyya a Kagara da Tegina da Pandogari da Kusherki, kowannensu ya sayi littafin rubutu guda, ya sa ɗalibansa su riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa da ranar da aka daina, ranar da tsattsewa ta jeru a waya, da sunan kowane tsuntsu a Hausa da sauran harsunan ƙasar kamar yadda kakanninsu suka faɗa musu. Ina roƙon 'ya'yan masarautar Kagara da ke karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai su shiga aikin taswirar nan, su cike gidajen garinsu da hannunsu idan sun zo hutu. Ina kuma roƙon fadar Mai Martaba Sarkin Kagara da hakimai da dagatai su sa baki a bar manyan itatuwan cikin gari da na bakin rafi a tsaye, a kuma sanar da maharba cewa wanda ya sami tsuntsu da zobe a ƙafa ya kai wa malamin makaranta a kwafe lambar. Ana bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya sau biyu a shekara, Asabar ta biyu ta watan Mayu da Asabar ta biyu ta watan Oktoba. Ta Oktoba tana faɗawa ne daidai lokacin da ayarin yake tsakiyar wucewa ta kanmu. A fito a wannan rana bayan sallar asuba, a tsaya a filin makaranta, a gayyato dattijo guda daga cikin maharba ya riƙa faɗin sunaye, yara suna rubutawa.